Liƙi a Xintang

Ban taɓa son kiɗan rok ba, har gobe kuma ba na son sa. A kunnena kamar ana jan kwanon rufi ne a kan siminti, wani kuma yana ihu a bayansa. Na faɗi wannan tun farko don kada a ɗauka son kiɗa ne ya haɗa ni da mutumin da zan ba da labarinsa. Wandon jins ne ya haɗa mu.

A tsakiyar shekarun dubu biyu ina karatun digiri na biyu a Guangzhou, a ƙasar Sin. Ranakun da ba ni da aji nakan yi wa 'yan kasuwarmu tafinta. Sai in ɗauke su daga benen Tianxiu, inda ofisoshin masu aika kaya suke, in kai su inda abin da suke nema yake. Mai neman jins Xintang ake kai shi, garin da kusan kowace ƙofa ɗinki ake yi a bayanta. Ruwan kwatar garin ma shuɗi ne. Farkon ganina ya tuna min da marinar Ƙofar Mata ta Kano, sai dai warin na can gida bai taɓa kama min maƙogwaro haka ba.

Akwai wani shagon taliya na Musulmin Sin a bakin titi, nan nake cin abinci in na je. Wata rana da azahar na iske wani siririn mutum mai dogon gashi zaune a teburin da na saba zama, ya jingine jita a bango. Da ya ji na yi wa mai shagon Sinanci sai ya matsa min kujera, ya tambaye ni garinmu, sannan ya tambayi me mawaƙanmu suke waƙa a kai. Na ce suna yi wa manoma waƙa, da mahauta, da 'yan dambe. Ya ce to ƙasarku ta yi sa'a, masu aikin ƙarfi suna da mawaƙa. Ban gaya masa cewa attajirai sun fi kowa samun waƙa ba. Ban ga dalilin ɓata masa rai ba, alhali yanzu muka haɗu.

A hankali, cikin watanni, na san tarihinsa. Ɗan ƙauye ne daga can cikin duwatsu, ya zo Xintang yana saurayi, ya yi shekara shida a abin da suke kira ɗakin yashi. Wandon jins ɗin nan da samarinmu ke so, mai koɗaɗɗiyar gwiwa kamar an daɗe ana sawa, ba wanki ne ya koɗar da shi ba. Mutum ne yake tsayawa a rufaffen ɗaki da tiyo a hannu, yana harba wa wandon yashi da iska mai ƙarfi. Wandon ya koɗe, ƙurar kuma ta shiga huhun mai aikin ta zauna, ba ta fita har abada. Ya sayi jitarsa ta hannu tun yana wannan aikin, ya koya wa kansa a kan rufin ɗakin kwanan ma'aikata. Da tari ya kama shi aka sallame shi, sai ya haɗa ƙungiya shi da wani mai ganga, wanda har lokacin yana ɗakin yashi don yana da mata da 'ya'ya biyu a ƙauye.

Faifai ɗaya tal suka taɓa fitarwa, shi ma a kwamfutar wani suka buga shi, suna rabawa a ƙofar masana'antu. Duk wurin da suka yi wasa sau biyu, na uku mai wurin zai ce a yi haƙuri, an yi masa magana. Ranakun da babu wasa yakan ɗauki wata jakar leda cike da hotunan ƙirjin ma'aikata, ya bi ofis-ofis yana neman a duba lamarinsu. Ya ce min ya san kalar kowane bencin jira a ofisoshin garin. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ranar da ya nuna min littafin waƙoƙinsa, duk ya bi layukan ya datse su da jan biro. Na tambaye shi dalili. Ya ce numfashinsa ba ya kai ƙarshen dogon layi yanzu, don haka yake rage waƙoƙin su zo daidai da huhunsa.

Ana haka Alhaji ya zo sari. Alhaji aminin mahaifina ne, babban mai shago a kasuwar Kwari ta Kano, shi ya tsaya min har na samu zuwa karatu. A gabansa ba na zama a kujera sai ya ce in zauna. Mutum ne mai fara'a da kyauta, yana kirana malam tafinta don tsokana, kuma a wannan zuwan kwantena guda yake so ta koɗaɗɗen jins, don shi ake yayi a Kano. Masana'antar da ya zaɓa ita ce wadda mai gangar nan yake aiki a cikinta.

Da na ba mawaƙin wannan labari, ni a hira kawai, sai ya ajiye tsinken cin taliyarsa.

"Kawo min shi," in ji shi. "Na gaji da benci. Mai masana'anta ba ya jin mu, amma yana jin mai saye. In mutumin nan ya ce marar koɗewa yake so, ɗakin yashi zai huta wata guda. In ya gaya wa 'yan uwansa, wa ya sani? Ina da waƙa, kai kana da baki biyu. Ni in rera, kai ka fassara masa."

Na ce to. Wallahi lokacin da na ce to ɗin da gaske nake.

Ranar Lahadi bayan la'asar, ranar hutun ma'aikata, suka yi wasan a wani tsohon sito da babu komai cikinsa sai ƙyallayen shuɗin yadi. Na ce wa Alhaji wani abokina ne mawaƙi ya gayyace mu. Ya ji daɗi, ya sa farar shadda da hula, har da turare. Aka ba shi kujerar roba guda ɗaya da ke wurin, ma'aikata suka zauna a ƙasa, ni na tsuguna a gefensa. Da jitar ta fara ƙara Alhaji ya ɗan zabura, ya dube ni, ya yi dariya.

Can mawaƙin ya rage ƙarar, ya matso gaban Alhaji, ya fara waccan waƙar. Layukan gajeru ne, tsakanin kowane biyu kana jin yana jan iska kamar zugazugin da ya huje. Yana lissafa mutanen da suka yi aiki tare a ɗakin yashi, da garin kowa, da watan da aka mayar da shi gida a kwance. Amshin kuma yana cewa farin da ke gwiwar wandonka daga ƙirjina aka ɗebo shi. Yana yi yana nuna Alhaji da kan jitar, sannan ya kalle ni.

Alhaji ya sunkuyo ya ce, "Malam tafinta, me yake cewa ne? Na ga ni yake nunawa."

Ta yaya zan dubi aminin mahaifina, a gaban baƙi, in ce masa kayan da ka zo saye suna kashe mutane? Tun ina yaro aka koya min ba a yi wa babba haka, ko da gaskiya ce sai a kewaya. Na ce a raina bari in bari sai mun koma masauki, in lallaba in faɗa masa. Sai na ji bakina yana cewa, "Ranka ya daɗe, maraba yake maka. Yana cewa babban baƙo ya zo daga nesa."

Fuskar Alhaji ta washe. Ya ce, "Ikon Allah! Ashe su ma suna da maroƙa." Kafin in yi wani motsi ya miƙe, ya sa hannu a aljihun gaba. Alhaji ba ya rabo da sababbin takardun naira saboda biki, har Sin ya zo da su. Ya tako cikin natsuwa, babbar riga na jan ƙasa, ya liƙa wa mawaƙin takarda a goshi, gumi ya riƙe ta. Ya ƙara wata, ya ƙara wata, suna zubowa kan igiyoyin jitar. Mai ganga ya tsaya. Sito ya yi tsit, ba ka jin komai sai numfashin mawaƙin a lasifika.

Ya ɓamɓare takardar daga goshinsa, ya juya ta, ya dube ni. Da Sinanci ya ce, "Mene ne wannan? Saye na yake so ya yi?"

Ga ƙofa ta biyu Allah ya buɗe min, na sake rufe ta da hannuna. Na ce, "A'a. Al'adarmu ce. In magana ta shiga zuciyar babban mutum, haka yake nuna ya ji kuma ya amince."

Mawaƙin ya sake kallon takardar. Sannan ya juya ya faɗa wa ma'aikatan abin da na ce, suka tashi tsaye suna tafi, wata mata tana kuka. Ya kama hannun Alhaji da hannu biyu yana sunkuyawa. Alhaji yana cewa, "Ba komai, ba komai, Allah ya yi albarka," yana kuma yi musu sheshe, kalmar godiya ɗaya da ya iya. Kowa a siton nan yana murna, ni kaɗai na san abin da ya faru.

A mota ban faɗa ba, don Alhaji yana cikin nishaɗi. A masauki ban faɗa ba, don akwai baƙi. Washegari da safe na tsaya tsakaninsa da mai masana'anta, na fassara odar da bakina: gwiwa da cinya su koɗe sosai, in ji Alhaji, kamar samfurin da ya zo da shi. Daga ranar na daina cin taliya a shagon nan. In na kai mutane Xintang sai in bi ta wani titin.

Sai da aka fi shekara sannan mai shagon taliya ya aiko min da saƙo cewa abokina yana nemana, kuma in hanzarta. Na je da hantsi, wani ɗaki a hawa na huɗu a bayan kasuwa. Mai ganga ne ya buɗe min ƙofa. Ya rame, kuma kafin ya ce komai sai da ya juya kai ya yi tari, irin tarin da na sani. Ya dube ni ido cikin ido, bai gaishe ni ba. Nan take na gane. Shi ne ya riƙe tiyo a kan wandunan kwantenar Alhaji, ya ga tambarin shagonsa a jikinsu, ya san na wane ne. Bai gaya wa abokinsa ba.

Mawaƙin yana kwance, an sa masa robar iska a hanci. Jitar tana rataye a bango, kuma a jikinta, ƙarƙashin igiyoyi, ga takardar naira an manne ta da salatif, ta yi dushi-dushi. Ya ce duk wasan da ya yi bayan ranar sai ya ɗaga jitar ya nuna wa mutane, ya ce musu ga shaida, akwai mai sayen da ya ji ya bari. Ya ce cikin shekarun nan duka, ita ce kaɗai waƙarsa da ta yi aiki. Yana magana yana hutawa, kalma uku, numfashi, kalma uku.

"Har yanzu yana kan bakansa?" ya tambaye ni.

Mai ganga yana tsaye a bakin ƙofa, yana kallon ƙasa. Na ce, "Yana kai."

Bai kai wata biyu ba ya rasu. Aka mayar da tokarsa ƙauyensu, jitar ban san hannun wa ta faɗa ba.

Bayan na gama karatu na koma Kano, na je gaida Alhaji a shago. Muna zaune a kan dilar kaya, yana ba abokansa labarin ranar da Basine ya yi masa waƙa, labarin da ashe ya daɗe yana bayarwa. Da suka watse na ce, "Baba, akwai maganar da na ɓoye maka." Na faɗa masa duka, ɗakin yashi, da ma'anar waƙar, da abin da na ce wa kowannensu. Na ɗauka zai ce kasuwa kasuwa ce. Ina ma hakan ya ce, da na samu inda zan raɓe.

Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ce, "Innalillahi. Mutum yana kukan mutuwarsa ka bar ni na yi masa liƙi?" Ya miƙa hannu bayansa ya zaro wando daga kanta, shuɗi sumul wanda bai ga yashi ba, ya jefa min a cinya. "Wannan ma ai ana saye. Tun safe shi nake sayarwa. Da ka faɗa min a wurin, wallahi da shi zan yi oda. Me ya hana ka faɗa?"

Na ce, "Kunyarka na ji, Baba."

Ya dube ni. Ya ce, "Shi ba ka ji kunyarsa ba?"

Aka kira sallar la'asar, ya tashi ya ɗauki buta. Na zauna da wandon a cinyata har ya dawo.