Ranar da na hau bayan akori-kura

Da can da asuba muke tashi, amma yanzu wa ke bin hanyar Safana kafin gari ya waye sarai? Sai da hantsi ya ɗaga muka bar Batsari, ni da babban ɗana, cikin akori-kurar marigayi maigidana, tsohuwar Fijo da ta girmi rabin direbobin tasha. Injinta na kaɗawa kamar tsakuwa a gwangwani. 'Ya'yana sun riga sun yanke magana: in ba ta gyaru a wannan tafiya ba, a sayar wa masu sayen ƙarfe a auno hatsi. Na ce ba da raina za a ɗora ta a sikeli ba.

Tafiya muke kamar masu rakiyar amarya. A Runka na sha fura, dunƙulen ya koma kamar ƙwan zabo, kuɗin kuwa ya ninka. Nan muke lodin gyaɗa a da har motar ta durƙusa. Yau rabin rumfunan ba kowa.

A Safana bakanike ya cire lagireto da fanka, ya buɗe murfin gaban inji, ya nuna mani sarƙar tayimin, wadda ke sa sama da ƙasan inji su tafi tare. Ta saki, tana lilo. Haƙoran da take bi sun cinye, har nawa sun fi su kyan gani. Ya ce sabuwa sai Kano, in ma an dace. Amma akwai wata matacciyar Fijo a bayan gidan wani Alhaji, kaji ke kwana ciki.

Ashe Alhajin nan tsohon yaron motar maigidana ne, wanda nake aike sayen goro. Gemu ya yi fari fat. Muka gaisa har jikoki, sannan na faɗi abin da ke tafe da ni, bakina na nauyi.

"Inna, yau ke ce da roƙo?" in ji shi. "Bari in gyara zama."

"Gyara, ɗan nema. Nawa?"

"Ba ta sayarwa ba ce. Duk zamana a motar nan kan buhu na yi shi, kina gaba kina cin goro. Ki ba ni kujerarki zuwa Batsari."

Na ce to.

Bakanike ya ciro sarƙar matacciyar motar da haƙoranta da ɗan ƙarfen da ke ɗame ta, ya wanke da fetur, ya ɗaura a tamu, ya tsaya daidaita alamomi. Ya ce haƙori ɗaya aka kuskure, aiki ya ɓaci. Da aka tayar, muryar ta fito sumul, irin wadda nake ji daga madafa in san maigida ya iso.

Bayan azahar muka juyo, kada yamma ta same mu a hanya. Turmi aka kifa mani na taka na hau baya. Kowane rami sai da ƙuguna ya gaishe shi. A baya ba ka ganin inda za ka, sai abin da ka bari: gonaki ba noma, rugage ba hayaƙi. Alhaji kuwa ya fito da gwiwar hannu ta taga sai ka ce gwamna.

Mun shiga Batsari kafin la'asar, matan unguwa na leƙe, ni kuwa na miƙe wuya. Alhaji ya sauko yana goge ido, ya ce, "Inna, ashe gaban ma inji ke gasa ƙafa."

Na ce, "Ai da ka tambaye ni tun tuni."

Abin da na koyo shi ne, mun tsufa a mota ɗaya da bawan Allahn nan, kowa na zaton ɗan'uwansa ne a inuwa. Motar dai tana ƙofar gida, ranar kasuwa za ta ɗauko gero daga Karare.