Tabarmar da Na Shimfiɗa wa Mai Kwalba

Ranar Talata, tara ga Oktoban 1984, ka rasu a Ingila, amma sai bayan mako uku wasiƙar 'yarka ta same ni a Tsanyawa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Shekara shida ina yi maka tafinta lokacin da kake baturen gona. Mai Kwalba muke kiranka, saboda kwalbar awon ruwan sama da ka kafa bayan kasuwa. Da damina ta yi jinkiri aka ce kai ka ɗaure ruwan a ciki, aka fasa ta. Ba ka kai ƙarar kowa ba. Dariya ka yi, ka kafa wata.

Da ka koma gida ka shiga siyasa. Sau biyu kana shan ƙasa, ka rubuto min ba kunya. A karo na uku ka ci, har ka zama ƙaramin minista. Shekarar farin 1973, da muka cinye har irin shuka, ka sa aka sayo mana gero daga aljihunka. Ba a jima ba 'yan jam'iyyarku suka ture ka, suka lallashe ka da kujerar Majalisar Iyayen Ƙasa, wadda kake kai har mutuwa amma ɗanka ba zai gada ba. Dattawanmu suka ce sarautar da ba gado ai aro ce. Ka taɓa gaya min ka tashi a majalisar kana bayanin yunwarmu, kujeru wayam, mutum bakwai ne ke saurare, biyu na gyangyaɗi.

Da wasiƙar ta iso, na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, na yi zaman makoki kamar yadda ake wa ɗan'uwa. So nake ko mutum ɗaya ya shaida ka yi zamani a garin nan. Waɗanda suka san ka sun riga ka tafiya, matasa kuwa fari ya kore su cin rani. Masu wucewa suka ce tsufa ya taɓa Muhammadu Sani, yana makokin Nasara. Na ji haushi, na kuma ji kaɗaici irin wanda ban taɓa ji ba.

Rana ta uku, ina naɗe tabarma, sai ga Kulu mai ƙosai tana dogara sanda. Ta durƙusa ta ce, "Malam, ya haƙuri? Da geronsa na raya 'ya'yana huɗu. Ban ma san sunansa ba."

Na sake shimfiɗa tabarmar, na faɗa mata.

Tsakaninka da Ubangijinka ba hurumina ba ne. Shi ne Mai rahama, ba Ya kuma manta ƙwayar gero ɗaya. Allah Ya ba 'yarka da jikokinka haƙuri. Su sani a Tsanyawa an yi zaman makokinka, mu biyu.