Rumfar da Ke Kusa da Tamu

A shekarata ta biyu ina karatu a Doha jikin Inna ya yi tsanani a Gusau. Ranar Litinin na ji muryarta a waya can ƙasa-ƙasa, na ƙudura a raina washegari zan hau jirgi. Sai dai Alhamis ce ranar baje kolin al'adu a jami'armu, kuma ni ƙungiyar ɗaliban Hausawa ta ɗora wa rumfarmu, don ni kaɗai ke gasa tsire bai koma gawayi ba.

Na sami shugaban ƙungiyar a gidansa a unguwar Mu'aither, dattijo ne mai neman digiri na uku. A gabana ya kira yayana, ya ajiye waya ya ce, "Haba Malam, ya ce da sauƙi. Kwana uku ne fa. A gama taro, khalas, shi ke nan, ni da kaina zan kai ka filin jirgi." Na san ko mutum yana bakin kabari mutanenmu da sauƙi za su ce. Na sani sarai, amma na yarda, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Daga Laraba wayar Inna a kashe. Yaya ya ce barci take, likita ya hana a tashe ta. 'Yan ƙungiya kuwa suka tsiro mini da wani kirki da ban san su da shi ba. Wanda bai taɓa ɗauke ko cokali ba shi ya je har unguwar Najma ya sayo nama, wani ya goge mini babbar riga. Na ɗauka shiriya ce ta sauko musu.

Rumfar da ke kusa da tamu ta 'yan Latin Amurka ce, samarin Meksiko da Kolombiya masu ƙungiyar 'yan'uwantaka. Riga iri ɗaya, musabaha mai tsawo kamar ba za a saki hannu ba. Kullum muna musu da su kan wa ya fi cin yaji. Ranar taron sun shirya tebur irin na al'adarsu ta tunawa da mamata, da furanni ruwan ɗorawa da burodi, suka jera hotunan mamatansu, kaka nan, kawu can. Wani a cikinmu ya yi a'uzubillahi a hankali.

Bayan la'asar ina kan wuta, sai ga ɗaya daga cikinsu, ɗan Meksiko da muke ɗakin gwaje-gwaje ɗaya. Firam ne a hannunsa, babu hoto a ciki. Ya rungume ni, ya ce da Turanci, "Ɗan'uwa, jiya mutanenku suka ce in riƙe maka aikinka na ɗakin gwaje-gwaje saboda rasuwar mahaifiyarka. Na san addininmu ba ɗaya ba ne, amma mun bar mata wuri a teburinmu, in kana so."

Na waiwaya. Duk rumfarmu babu wanda ya iya haɗa ido da ni. Shugaba ya taso yana cewa, "Malam, yi haƙuri. Yayanka ne ya roƙa. Ba a jefa wa na nesa irin wannan a waya. Mun ce a tashi taro, a tara manya a zaunar da kai."

Da hantsin Laraba ta cika, kafin azahar an kai ta. Da na tafi Talata da na same ta da rai. Kwana guda da yini suna kallona ina kwaɓa ƙuli da yaji, ina ba su labarin zanen da na saya mata.

Ban yi ihu ba, ban zagi kowa ba, ko da yake zagin ya zo mini har baki. Tsiren ya ƙone ƙurmus, wani ya janye shi daga wuta. Juma'a na isa gida, na tarar ana sadakar uku, an riga an naɗe katifarta an jingine a bango.

Ban ba ɗan Meksikon hoton Inna ba, ba al'adarmu ba ce. Amma na karɓi firam ɗin, yana cikin akwatina har yanzu. Shi ne mutum na farko da ya yi mini ta'aziyyar uwata.