Baitin Komowa da Na Rera wa Yayana

Ƙamshin ɗanyen ganyen goro ne ya tayar mini da wannan magana. Jikata ta sayo mini goro a nannaɗe, ina warwarewa sai na gan ni a tsakar gidanmu na Zango, ina yaro.

A wancan zamani, bayan la'asar mata kan baza goro a tabarma suna tsince mai tsutsa, kakanmu kuma ya jingina da bango ya ɗauko waƙar wani jarumin da can. Doguwa ce, takan ci mako guda. Jarumin ya bar uwarsa tana kuka, ya ƙetare koguna, ya kashe dodon da ya tare hanyar fatake, ya komo da dawaki da shanu. Baitin komowar nan muka fi so. Duk matafiyin da ya sauka gidanmu, mu yara mukan tare shi a zaure mu rera masa, shi kuma ya raba mana tsaraba. Kakarmu takan ce, "Ku dai mayun alewa ne, ina ruwanku da jarumi."

Wata damina yayana ya yi lodin goro zuwa arewa. Mota ta lalace a hanya, kayan suka ruɓe, ya dawo daga shi sai tabarma da buta. Shekarata goma sha biyar, na san abin da nake yi. Na tara yara muka rera masa baitin dawaki da shanu, har maƙwabta suka leƙo. Cikin watan ya koma Suame, unguwar makanikai, koyon gyaran mota. Tun daga nan gaisuwarmu ba ta wuce ta wurin suna da jana'iza.

Karatuna bai yi nisa ba, jikata ke karanta mini littattafan labarinta. A wani, jarumin ya tafi nema ya dawo hannu rabbana. Na ce ta rufe, ai labari ya ƙare. Ta ce, "Kaka, ko rabi ba mu yi ba!" Ashe nan ne tafiyarsa ta fara: yadda zai shiga gida, yadda zai fita kasuwa idon jama'a a kansa. Jarumin kakanmu a daji ya gamu da dodonsa. Na wannan a zauren gidansu yake jira. Na kuwa san wanda ya tsaya a namu zauren.

Ranar Asabar na hau motar haya ta trotro zuwa Suame. Na iske yayana kan benci a bakin garejinsa. Kafin in fara ban haƙurin da na shirya, tsohon nan ya ɗaga sandarsa ya kama rera baitin da fasasshiyar muryarsa. Sannan ya ce, "Autan Inna, shekara hamsin kana hanya daga Zango. Ina dawakin?"

Na miƙa masa goro biyu. Muka yi dariya har da hawaye. Na ce ya yafe mini, ya ce, "Tuni. Matso mu ci, waken nan zai huce."

Yanzu yara ba sa taron matafiyi a zaure, tun yana hanya an ji komai ta waya. Duk da haka na koya wa jikata baitin. Na dai ce mata, kafin ta rera wa kowa, ta fara karɓar masa buta, ta ba shi ruwa.