Uwar da Ban Tambaya Ba

Damina ta biyu bayan an samu mulkin kai aka zaɓe mu, mu huɗu, daga ƙauyenmu da ke kusa da Gidan Sori, aka ɗora mu a amalanke zuwa Gidan Rumji, wai za a koya mana reno. Dariya muka sha a hanya. Ni da na goya ƙanne shida har bayana ya yi kanta, ni za a koya wa riƙon jariri?

Wata madam ce daga Maraɗi ta koyar da mu, gajera, mai faɗa, kullum hannunta na ƙamshin sabulu. So ake mu kafa rumfa a bakin gari, mata su bar mana 'ya'yansu su tafi gona, maimakon a kwantar da yaro a gindin gawo cikin cinnaku. Ta koya mana tafasa ruwa, da ware wa kowane yaro ludayinsa, da taɓa maɗiga a ji ko ta faɗa. Amma abin da ta ishe mu da shi shi ne tambayar safe.

"Duk wadda ta miƙo muku ɗa, ku tambaye ta. Ya kwana lafiya? Ya kama nono? Yana zawo? Kowace uwa, kowace safiya."

Muka ce to. A raina na ce madam ta san littafinta, mu kuma mun san garinmu.

Muka dawo gida muka kafa rumfar. Cikin masu kawo mana yara akwai matar maƙwabcinmu, siririya marar magana, da ɗanta na fari ɗan wata bakwai. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ka tambaye ta lafiyarsa sai ta sunkuyar da kai kamar ka zage ta. Kakarsa ce ke magana a madadinta. To ita surukarta ta rasu, uwarta kuma tana can Gangara. Don haka in ta zo nakan tambayi ta gabanta, in tambayi ta bayanta, ita kuwa in karɓi yaron shiru don kada in kunyata ta. Har alfahari nake yi da wannan sanin ya kamata nawa.

Ana cikin maimai, wato noma na biyu, sai ta fara tsayawa. Ta ba ni yaron, ta jingina da dirkar rumfa tana gyara ɗaurin zanen da ba abin da ya same shi. Rana ta uku na ce mata, "Ke, rana na yi, gonar ba ta nome kanta." Matan suka yi dariya, ta ɗauki hauyarta ta tafi.

Yaron kuwa ya yi laƙwas, ni ko sai yabonsa nake. Yara goma sha wani abu suna tsala ihu, wa ke kula da wanda ya yi shiru? Na ga kashinsa ruwa-ruwa, na ce haƙora ne. Sai da azahar ɗaya daga cikinmu ta shafa kansa ta ƙwala mini kira. Maɗigar ta faɗa, har yatsa na zama a ciki.

Aka kira uwar daga gona, muka hau amalanke da shi zuwa dispanser, ɗakin shan magani. An yi ruwa, hanya ta caɓe, shanun amalanke suna tafiya kamar ba sa so. Yana kan cinyata ya cika, muna hango rufin dispanser. Uwar tana zaune a gefena tana kallon gonakin mutane. Ba ta yi hawaye ba, ranar ko washegari, kuma garin duka ya yabi kunyarta.

Na yi shekara tara a rumfar nan, na reni yaran da yau suke da jikoki, amma fuskar da nake gani in hadari ya haɗo da safe ita ce tata. Na ji haushin madam da ba ta san mu ba, na ji haushin al'adar, daga baya na gane haushin kaina nake ji.

Bayan an yi arba'in ɗin yaron muka haɗu da uwar a rijiya, ba kowa sai mu biyu. Na kama guga ina neman abin faɗa, ita ta riga ni.

"Yaya, kwana biyu bai kama nono ba. Na haddace abin da za ni ce maki tun daga gida." Ta ɗora tulunta a kai. "Kowa kina tambaya tai. Ni ina ta jira ki zo kaina."