Shuɗin Baba a Fuskar Kwamfuta

Shekarar da na gama sakandare ina jiran sakamako, kawuna ya ajiye ni a shagonsa na buga takardu a Gusau. Kwamfuta ɗaya ce a shagon, kuma ba ta da layin intanet, sai labarinsa muke ji. Wani malamin makaranta ya bar mana 'yan takardu da aka yi wa hoto, masu koyar da yadda ake gina shafin intanet. Idan babu aiki nakan zauna in rubuta alamomin da takardun suka nuna, in buɗe, in ga jadawali ya fito gida-gida. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne launi. Haruffa da lambobi shida kacal za ka rubuta, gida ya cika da kore ko ja. Ka sauya ɗaya, launin ya ɗan gusa, kamar sama bayan la'asar.

Wata Talata wani tsoho marini daga Tsafe, aminin kawu da muke kira Baba, ya shigo da ƙunshin rinannun zannuwa uku a hammata. Hannuwansa shuɗaye ne har wuyan hannu. Ɗansa da ke aiki a Kaduna ya aiko cewa ofishinsu na da intanet, in an gina shafi zai ɗora, masu saye daga nesa su ga rinin gidansu.

"Ni ban san mi ake nuhi ba, ɗiyata," in ji Baba. "Amma in za a nuna, a nuna shuɗina. Da shi aka san gidanmu tun kakana. Kar a sa mani na wani."

Ba mu da na'urar shigar da hoto. Sai na ce zan yi jadawali mai gida uku, kowane gida in cika shi da launin zane ɗaya, in rubuta sunansa a gefe.

Yini biyu muka yi a kai. Baba ya ja kujera, ya kara zanen da gilashin kwamfuta, ni ina sauya lambobi.

"Bai nuna ba. Wannan tsomi guda ne."

Na rage haske.

"Kin ƙona shi. Dawo baya kaɗan."

Kawu yana dariya daga bakin ƙofa. "Alhaji, ka samu karofin da ba ya wari."

"Kuma ba ya son toka," Baba ya amsa. "Sai dai mai rinin tana da garaje."

Turkuɗi, mafi duhu cikin zannuwan uku, ya fi ba mu wuya, domin baƙinsa yana da wani ja-ja a ciki. Na yi ta ƙara ja har Baba ya dubi zanen, ya dubi gilashin, ya gyaɗa kai. Na kwafe shafin a ƙaramin faifai, kawu ya ba direban motar Kaduna.

Bayan mako direban ya dawo da wasiƙa. Ɗan Baba ya ce ya buɗe shafin, amma turkuɗin ya fito kamar ruwan zoɓo, don haka bai ɗora ba.

Na buɗe nawa, ga shi lafiya lau. Lambobin ba su canja a hanya ba, to me ya canja? Washegari na roƙi mahaifin wata ƙawata ya bar ni in gwada a kwamfutar ofishinsu. A can ma zoɓo ne, sai dai ya fi duhu. Na daɗe ina kallo. Ashe fuskar kwamfutarmu ce ta tsufa, ja ya raunana a cikinta, duk jan da na yi ta zubawa don in gamsar da idonmu yana nan, a wasu wurare yake fitowa. Ko wannan ta ofis ma ba ta yi daidai da abin da wasiƙar ta kwatanta ba. Na tsaya ina tunanin kwamfutoci nawa ne a duniya, kowace da shuɗinta.

Ranar da Baba ya dawo na gaya masa komai, ina jin nauyi.

"To in kin gyara ga ta ohis, za ta yi daidai ga ta Bature?"

"Ban sani ba, Baba. Ba na jin za ta yi."

Ya shafa zanen da ke cinyarsa. "Cire su duka. Rubuta sunayen, ki ce wanda ke so ya aiko adireshi, a aika mai ƙyalle ya gani da idonai cikin rana."

Na goge lambobin ɗaya bayan ɗaya, gidajen uku suka koma farare. A haka shafin ya koma Kaduna. Kafin ya tafi tasha, Baba ya ari almakashin kawu, ya zauna kan benci yana yanka gefen turkuɗin ƙanana-ƙanana, ni ina saka su a ambulan.