Ɗakin Ƙarshe na Alhaji Ne

Da maigidana ya samu motar da yake ja zuwa Kano, muka baro ƙauyenmu Kahu muka dawo Rano. Ba mu bi ta hannun dillali ba. Wani Alhaji mai fataucin hatsi ne ya ba mu hayar gidansa baki da baki a ƙofar shagonsa. Ɗaki uku ne, ya ce biyu namu, na ƙarshen nasa, ya garƙame shi da kwaɗo. Ni da ɗokin famfo da siminti ya ɗebe ni, ko ɗaga kai ban yi ba balle in ga bangon da ke tsakaninmu da ɗakin nasa bai kai rufi ba.

Da kaka ya sa aka jibge buhunan wake a ɗakin. Na fara sharo matattun kyankyasai, har da ɓera, sai na ji daɗi, wai ni mai tsafta. Warin da nake ji kamar ruɓaɓɓiyar tafarnuwa kuwa, kwatar maƙwabta na ɗora wa laifi.

Wata rana bayan azahar na kwantar da ɗana, lokacin bai daɗe da fara tafiya ba, na ja ƙofa saboda ƙuda. Ina wanki na ji kakari. Na tarar ya yi amai, jikinsa ya saki, numfashi sama-sama. Na kira sunansa, ko motsi. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Kukana ya jawo wata tsohuwa maƙwabciyarmu. Tana shiga ta toshe hanci.

"Fitar da shi, 'yar nan. Ƙwayar kashe ƙwari aka sa wa waken can."

A kan babur hannuna na kan ƙirjinsa har asibiti, ina jin bugun yana ɓacewa yana dawowa. Aka sa masa ƙarin ruwa, ba wanda ya yarda ya ce mini zai tashi.

Washegari, yaron ya buɗe ido ke nan, Alhaji ya zo. Na tanadar masa maganganu masu zafi. Ya ce duk shekara haka yake yi, kuma gidan ya daɗe ba kowa.

"Wallahi 'yata, sabo ne. Na manta akwai mutane a ciki."

Na juya na gyara wa ɗana kwanciya. Daga asibiti Kahu na wuce, maigidana ya kwaso kayanmu. Yaron yanzu har ya shiga makaranta, amma in ya yi barci sai na je na kara kunnena a hancinsa.